Fim ya tsorata maigida, me za mu ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya kalli wani fim na gaskiya a waya, Super Size Me, inda wani Ba'amurke ya yi wata guda yana cin abincin McDonald's kaɗai har jikinsa ya rikice. Tun ranar ya ce a daina shinkafa da nama da mai, a koma Quaker Oats da tuffa da madarar kanti. Kuɗin cefane ya ninka, yara kuma ba sa ƙoshi. Yana da hawan jini. Ina mafita? Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoron da ya kama Alhaji alheri ne, don mai hawan jini da ya fara duba abin da ke cikin kwanonsa ya kama hanya. Sai dai ya ɗauko ciwon wasu ya haɗa da maganinsu.

Fim ɗin ya fito a 2004. Mai shi, Morgan Spurlock, ya yi kwana 30 yana cin kusan ninki biyu na abin da jikinsa ke buƙata, ya kuma rage tafiya da gangan, ya ƙara kusan kilo 11. Ko tuwon zafi aka ci haka, ƙiba za ta zo. A 2017 kuma shi da kansa ya faɗi cewa ya daɗe yana shan giya, abin da ya sa ake shakkar ko abincin ne kaɗai ya taɓa masa hanta. Irin waɗannan finafinai suna da kyau wajen farkar da mutum, amma mai haɗa su ya riga ya zaɓi inda zai kai ka. Duk wanda za ku kalla, ku tambaya: mutum nawa aka gwada, tsawon wane lokaci, kuma wa ke da kayan sayarwa a ƙarshe?

Yanzu mu dawo gida. Abin da ke cikin Quaker Oats na amfani, wato hatsi da dusarsa, akwai irinsa a gero da dawa da ke jibge a kasuwar Aboabo. Abin takaici shi ne mun laƙaba musu sunan abincin talaka. Da hali ya samu, sai kwano ya canza. Dubi waakye a ganye: asalinsa wake ne da shinkafa da karan dafi, abinci mai kyau ƙwarai. Sai a ɗora taliya, a barbaɗa garin rogo, a jera soyayyen kifi, ƙwai, ganda da nama, a kwarara miya mai yawo da mai, a ƙara shito (yajin da ake soyawa da mai), a kora da lemon kwalba. Sitaci uku ke nan a zama ɗaya. Waken bai yi laifin komai ba.

Ga yadda za ki gyara. In za ki dafa waakye, ki sa wake kofi ɗaya ga shinkafa kofi ɗaya, maimakon ɗan waken da ake yayyafawa don ado. Ki jiƙa waken tun dare ki zubar da ruwan, zai nuna ba sai kin cika kanwa ba; kanwa tana da sinadarin sodiyam irin na gishiri, yawanta kuma yana lalata bitamin B1. A kwanon Alhaji, rabi ganye: kabeji, latas, kontomire (ganyen gwaza), ayoyo ko zogale. Kwata tuwo ko shinkafa, misalin dunƙulen hannunsa. Kwatan da ya rage kifi, wake ko nama, faɗin tafin hannu ban da yatsu. Taliya ko gari, a zaɓi ɗaya.

Mai kuma a auna shi da cokali, kar a tuttula daga galan. In kin yi miya, ki bari ta ɗan huce, ki kwashe man da ya taso da ludayi.

Gishiri shi ne babban zance ga mai hawan jini, kuma a nan aka fi yin kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi, shito, burodi, kifin gwangwani da momoni (kifin da ake adanawa da gishiri). Mata da yawa sun daina barbaɗa gishiri amma sun ƙara magi, alhali kusan rabinsa gishiri ne. Ki rage a hankali cikin mako uku zuwa huɗu, ki cike gurbin da daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da garin busasshen kifi. In aka yanke lokaci ɗaya, miya za ta yi salam, gida ya yi bore, a koma gidan jiya.

Yara kuwa kada a hana su ƙwai, kifi da nama, suna girma. Alhaji ya ci gaba da shan maganinsa, ya riƙa auna jini yana rubutawa a takarda, ya kai wa likitansa. Likitan ne zai ce a rage magani ko a bari.

TAMBAYA: Na ji a wani shiri cewa zoɓo na sauke hawan jini. In bar lemon kwalba in koma sobolo, wato zoɓon sha? Daga wani matashi, Asawase.

AMSA: Ɗan'uwa, akwai binciken da ya nuna zoɓo na ɗan rage jini, amma bai kai ya maye gurbin magani ba. Matsalar tana wajen sukari. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35, wato cokalin shayi takwas zuwa tara, kuma sobolon da aka zuba wa sukari da ludayi zai iya kamo shi. Ka haɗa naka: zoɓo cikin hannu ɗaya a ruwa lita ɗaya, da citta, kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai, a tafasa minti 10, a tace. Sukari kar ya wuce cokalin shayi ɗaya a kofi. Haka ma koko da burkina (abin sha na gero da nono), ka ce wa mai sayarwa ta bari ka zuba da hannunka.