Filin Amsa Tambayoyi: Matasan Mawaƙa, Sutudiyo da Haƙƙin Waƙa

Tambaya daga Funtuwa: Na rubuta waƙoƙi sun kai goma, na kuma tara ɗan kuɗi zan shiga Kano na naɗi ta farko. Me ya kamata na shirya kafin na je?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kwashi goman duka. Zaɓi ɗaya, wadda idan ka rera amshinta sau biyu a majalisa wani zai kama ya maimaita. Ita za ka yi wa aiki a gida har ta nuna. Ka naɗe ta a wayarka ba kiɗa, ka saurara da kunnen baƙo: ina numfashi ya yanke maka, wane baiti ne ya fi sauran tsawo, ina ƙafiya ta karye. Ka lura sosai da inda karin waƙar ya tilasta maka jan gaɓa gajera ko sauya sautin kalma, domin kunnen Bahaushe ba ya yafe wannan, kuma gyaransa sai a rubutu, na'ura ba ta iyawa. Ka haddace baitocin. Mai karantawa daga takarda kansa a sunkuye yake, muryarsa ba ta fita.

A sutudiyo, kafin makaɗi ya yi nisa da fiyano, ku tsayar da abu biyu: saurin kiɗan da kuma matakin muryar da za ka rera a kai. Gwada wurin da waƙar ta fi tashi sama tun farko. Idan sai ka yi ihu kake kaiwa, a sauke kiɗan nan take, tun ba a jera sauran kayan kiɗa a kai ba. Ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirfo, 'yar ragar da ake sawa gaban makirfo tana tsakaninku don tare iskar haruffa irin su "b" da "f". Idan ma'aunin sauti yana taɓa ja, muryar ta fashe, a sake ɗauka. Kada ka yarda da "za a gyara a Auto-Tune". Wannan shirin kwamfuta na gyaran murya yana daidaita ƙaramin kuskure ne, babba kuwa sai ya mai da murya kamar ta ƙarfe.

Da an gama haɗawa, ka saurare ta a ƙaramar waya da sifikar mota, don a nan mutane za su ji ta. Sannan kada ka bar wurin da MP3 kaɗai. Ka karɓi cikakkiyar waƙar a tsarin WAV, wato sautin da ba a rage masa inganci ba, da kiɗan zalla, da muryar zalla, ka ajiye a wuri biyu. Kwamfutar sutudiyo takan mutu, kuma ranar da za ka hau dandali, kiɗan zallan nan ne zai yi maka aiki.

Tambaya daga Kaduna: Ni na rubuta waƙa, ni na rera, ni na biya kuɗin sutudiyo. Sai ga ta a tashar YouTube ta wanda ya yi mini kiɗa, ya ce ai kiɗansa ne. Waye mai gaskiya?

Amsa: Wannan ita ce rigimar da ta fi raba mawaƙa da makaɗa, kuma tushenta ɗaya ne: an fara aiki ba a rubuta komai ba. A idon doka, waƙa ɗaya dukiya biyu ce. Akwai ƙirƙirar kanta, wato baitoci da kari. Akwai kuma sautin da aka naɗa a sutudiyo. Baitocin da ka rubuta naka ne tun ranar da ka sa su a takarda ko ka naɗe su, ba sai ka yi rajista ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare irin wannan ƙirƙira tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Ka ga ke nan gado ne, magadanka ma suna da rabo.

To amma shi ma makaɗin ba a banza ya zauna ba. Idan shi ya ƙirƙiro kiɗan, yana da hannu a ciki, kuma kuɗin da ka ba shi ba lallai ne ya zama ka saye haƙƙinsa ba. Dokar ta ce sayar da haƙƙi, ko bai wa mutum ɗaya izinin da babu mai irinsa, sai a rubuce yake inganta. Wannan kariya ce gare ku duka biyu: kai ba ka saye kiɗansa da baki ba, shi kuma ba shi da hurumin ɗora baitocinka da muryarka yana cin kuɗi ba da yardarka ba.

Abin yi yanzu: tattara hujjojinka, wato takardar da ka rubuta waƙar, naɗin farko na waya mai ɗauke da kwanan wata, shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin da kuka yi. Ka nemi wani babba a sana'ar ya zaunar da ku a raba kaso a rubuce. Idan ya ƙi, YouTube na da fom na ƙorafin satar fasaha, kuma tashar da ta tara irin wannan gargaɗi uku ana iya rufe ta. Muna ba ka shawara ka bar wannan ya zama matakin ƙarshe, domin shi ma yana da damar mayar da martani, kuma makaɗi nagari ba abin da ake rabuwa da shi baram-baram ba ne.

Daga yau, kowace waƙa ta samu takarda shafi ɗaya kafin a kunna makirfo: sunan waƙa, kwanan wata, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, nawa aka biya, kashi nawa cikin ɗari kowa zai samu, kuma a tashar wa za a ɗora. Kowa ya sa hannu, da shaida ɗaya. Idan biyan sallama ka yi wa makaɗi ko 'yar amshi, a rubuta ƙarara cewa sallama ce. Wanda ya ce "haba, ai mun zama ɗaya", ka ce masa takardar ce za ta bar ku a ɗayan. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajistar ayyuka ta intanet, ba dole ba ce, amma takardarta hujja ce mai amfani ranar gardama.

Tambaya daga Maraɗi: Ta yaya zan sa waƙata a Spotify da Apple Music, kuma da gaske ana samun kuɗi?

Amsa: Waɗannan biyun ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kuɗin kowace waƙa ko kaso daga abin da ta kawo, don haka karanta sharaɗin abin da zai faru da waƙoƙinka idan ka daina biya. Audiomack kuwa kana iya buɗe shafi ka ɗora da kanka. Za a nemi WAV, da hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, mai faɗi da tsawo pixel 3000 da 3000 ya fi tsira, ba lambar waya ko adireshin intanet a jiki, in ba haka ba a dawo maka da shi. Kowace waƙa za a ba ta lambar shaida ta ISRC mai harafi da lamba 12. Ka adana ta, da ita za ka koma wani kamfanin ba tare da ka rasa lissafin sauraron da ka tara ba. Ka miƙa waƙa mako huɗu kafin ranar fita. Sunanka kuma rubutu ɗaya ko'ina, don bambancin harafi ɗaya kan raba maka shafi biyu.

Muhimmin abu: asusun ya zama da imel ɗinka da lambarka. Mawaƙa da yawa sun bar wani "mai iya intanet" ya buɗe musu, ranar da suka ɓata sai aka tafi da tasha da kuɗi.

Batun kuɗi, kada ka gina gida a kansa tukuna. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, kuma sauraro daga ƙasashenmu bai kai na Turai da Amurka tsada ba. YouTube na fara raba kuɗin talla ne idan ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ba ya kuma turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kada ka sayi kallo ko sauraro na bogi, ana ganewa, a sauke waƙar. Tunda a Nijar kake, ka yi rajista da BNDA, hukumar da ke karɓar wa masu fasaha haƙƙinsu. Na Najeriya su nemi MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu a can.

Tambaya daga Gusau: Ina yin waƙoƙin biki, amma sau da yawa sai an gama a ce mini "za mu neme ki". Ga shi kuma muryata na dishewa.

Amsa: Ƙanwata, rabin kuɗi kafin ki ɗauki biro, cikon kafin ki tura waƙar. Abin da za ki aika a saurara kafin cikawa ya zama guntu ne kawai. Sunayen amarya da ango da iyaye a turo miki a rubuce, ki karanta musu su tabbatar, ki kuma faɗa tun farko cewa gyara ɗaya ne kyauta, ƙarin suna bayan an naɗa kuɗin sutudiyo ne sabo. Idan zuwa za ki yi da kanki, a tsayar da kuɗin mota, awa nawa za ki yi, wa zai kawo kayan sauti, da yadda za a raba liƙi tsakaninki da 'yan amshi da mai kiɗa. A raba kafin a tashi daga wurin.

Dishewar kuwa yawanci daga gasa da sifika take zuwa: ba kya jin kanki, sai ki ƙara ƙarfi. Ki sa a juyo ƙaramar sifika ɗaya ta fuskance ki. Ki ɗumama murya minti goma da gunji a hankali kafin ki fara, ki yawaita ruwa tun safe, musamman da hunturu. Idan ta dishe, ki yi shiru. Raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi. Alewar mentol tana ɓoye zafi ne kawai, sai ki ci gaba da jin rauni ba ki sani ba. Dishewar da ta wuce mako uku, ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Tambaya daga Kano: Sai na yi rajista da hukuma kafin na saki waƙa?

Amsa: A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma mawaƙa na cikin waɗanda take yi wa rajista take kuma duba ayyukansu. Ka je ofishinta da kanka ka ji ƙa'idar da ake ciki a yanzu, ka biya a hukumance ka karɓi rasit, kuma ka yi hakan kafin ka kashe kuɗin ɗaukar bidiyo, don gyaran baiti a takarda ya fi sake haɗa 'yan rawa da mai kyamara sauƙi.