Tambaya da Amsa: Na yi baftisma amma har yau fushi bai sake ni ba

TAMBAYA: Salama Baba Fasto. Ni dai na gaji. Na daɗe da karɓar Yesu na yi baftisma, amma saurin fushina yana nan daram, abu kaɗan sai in zazzaga wa mutum magana, daga baya in shige ɗaki ina kuka ina roƙon Allah gafara, gobe kuma in sake. Akwai wadda ta tuba bayana, yanzu ita ke jan addu'a a zumunta, ni kuwa da na buɗe Littafi Mai Tsarki sai barci. Anya ma na sami ceto kuwa?
Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Salama 'yata. Wannan kukan da kike yi a ɗaki, kafin ki tuba kina yin sa? Ina jin a da in kin wanke mutum tas barcinki kike yi har da minshari. To yanzu abin yana cin ranki, kuma zuciyar da Ruhu Mai Tsarki bai taɓa ba ba ta damuwa haka.

Buɗe Markus 4:26-29. Yesu ya kwatanta Mulkin Allah da mutumin da ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin ya tsira ya girma shi bai ma san ta yaya ba, ganye tukuna, sai zangarniya, sannan ƙwaya. Ke kina matakin ganye ne kina neman a yi girbi.

Kuma ba a kanki aka fara ba. Yakubu da Yahaya, Yesu da kansa ya sa musu suna 'ya'yan tsawa (Markus 3:17), a Luka 9:54 don wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsu har cewa suka yi bari su kira wuta daga sama ta cinye mutanen, ki ji fa, kuma suna tare da Ubangiji kullum suna jin koyarwarsa da kunnensu. Wannan Yahayan ne daga baya wasiƙarsa ta fari ta cika da zancen ƙauna. Bitrus ma ranar Fentikos ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya, amma bayan shekaru a Antakiya tsoron mutane ya sa ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai da Bulus ya tsawata masa ido da ido (Galatiyawa 2:11-14). Manzo ne fa, amma Allah bai gama aiki a kansa ba tukuna.

Amma tsaya, kar ki ɗauki wannan ki yi matashi da shi. Wani abu a wasiƙarki ya tsaya min a rai: kin ce kina shiga ɗaki ki roƙi Allah gafara, ban ji inda kika ce kin koma wurin wanda kika zazzaga wa maganar ba. Nan ne biyayyar take 'yata. Matiyu 5:23-24 ya ce in kin kawo baiko kika tuna ɗan'uwanki yana riƙe da ke, ki ajiye baikon ki je ku shirya tukuna. Afisawa 4:26 kuma ya ce kada rana ta faɗi kina cikin fushi. Saboda haka duk ranar da bakinki ya kuɓuce, kafin dare ki je ko ki ɗau waya ki ce na yi laifi ka yafe min, ba tare da kin ƙara da "amma ai kai ma" ba. Da nauyi kam, na sani, sai dai wanda ya saba da zuwa ba da haƙuri yakan fara tauna magana tun kafin ta fita.

Batun mai jan addu'a kuwa, ki ƙyale ta da kyautarta. Abubuwa 9 aka lissafa a Galatiyawa 5:22-23 da Ruhu Mai Tsarki ke haifarwa a cikin mai bi, akwai haƙuri, akwai tawali'u da kamun kai, iya jan addu'a ba ya ciki. Karatun ma in dare ne ke sa ki barci ki mai da shi safiya, ko aya biyar ce. Ki riƙe Filibiyawa 1:6, wanda ya fara aikin a cikinki shi zai kammala shi.

TAMBAYA: Baba, na koma shan giya bayan baftisma, yanzu na sake tuba. Sai na sake yin baftisma ne?
Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: A'a ɗana. Afisawa 4:5 baftisma ɗaya ta ambata, abin da aka tanadar wa mai bi da ya faɗi shi ne 1 Yahaya 1:9, ya furta zunubinsa a gafarta masa. Amma kada ka yi wannan yaƙin kai kaɗai a ɓoye, ka sami fastonka ko wani dattijon ikilisiya ka faɗa masa gaskiya, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka. In kuma jikinka na rawa ko rashin lafiya na kama ka duk lokacin da ka daina sha, ka ga likita tun da wuri.