Filin Legon da rigar da ka gan ni da ita

Taubashi, saƙonka ya iso, har da dariyar da ka haɗo da shi. Ka ce ka tono wani hotona a filin wasa, ina sanye da riga mai ja da ruwan ɗorawa da kore, baki buɗe ina ihu, alhali da ’yan Najeriya ake tsere, kuma wai a cikin watan azumi. Ka tambayi ko filin na wane ne, sannan ka lanƙwasa zancen ka ce ko dai mun gama narkewa cikin mutanen Gana. Na san ta biyun ce ta kawo ka, amma bari in fara da mai sauƙin.

Filin na Jami’ar Gana ne, wadda ba mai kiranta da wannan dogon suna, kowa Legon yake cewa. Tun 1948 aka kafa ta, Turawa na nan ba su tafi ba. Daga Madina, unguwar Accra inda muke zaune, in ka hau toro-toro, wato irin hayis ɗinku ta haya, kafin yaron mota ya gama karɓar kuɗi kun iso Okponglo, ga filin nan kana hangensa. Ni dai ban san shi a matsayin filin wasa ba sai kwanan nan. Abin da na sani kango ne. Zamanin Shugaba Kufuor aka fara ginin, aka ɗora siminti ya yi tsawo, sai gwamnati ta sauya, kuɗi ya tsaya, aiki ya kwanta fiye da shekara goma. Ƙarafa suka yi tsatsa, ciyawa ta fi mutum tsawo. Akwai yaran da aka haifa ana haƙa harsashinsa, suka gama sakandare bai san ƙafar ɗan ƙwallo ba. A unguwarmu in mutum ya ɗauki aure yana ta jan ƙafa, sai a ce ya zama filin Legon.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi gadi a gidajen malaman jami’ar nan shekara da shekaru, kamar yadda dattawan zango da yawa suka yi. Da kekensa da tocilansa da butarsa yake wucewa ta gefen wurin kullum da yamma. Bai taɓa shiga ajin jami’ar ba, kuma bai taɓa jin ya rasa wani abu ba, don shi a wurinsa makaranta ita ce ta allo, wancan kuwa sukuu ne. Haka muke rabewa a nan har gobe: in yaro ya ce ya tafi makaranta, wurin malam ya tafi. Yanzu jikanyarsa, babbar ’yata, tana shekara ta biyu a Legon ɗin, da hijabinta har gwiwa. Wani lokaci in na kai ta bakin ƙofa sai in tsaya ina kallon hanyar da yake bi da keke.

Abin da ya tashi kangon daga barci shi ne wasannin Afirka karo na 13 da aka ba Gana. Gwamnatin Akufo-Addo ta dawo da ma’aikata, aka shimfiɗa ciyawa da hanyar tsere, aka sa kujeru na mutum wajen 10,000. A watan Agusta na 2023 ya kamata a yi, ba a shirya ba, aka ɗaga zuwa Maris na 2024, amma suna da riguna duk suka ci gaba da cewa 2023, ka ga irin namu ke nan. A filin aka buɗe wasannin ranar 8 ga Maris, a nan aka yi guje-guje da tsalle-tsalle, a nan aka rufe ranar 23. ’Yan wasa a ɗakunan kwanan ɗalibai aka sauke su, ninƙaya da wasu wasannin kuma aka kai Borteyman. Mutane sun yi ta gunaguni kan kuɗin da aka kashe a lokacin da sidi, kuɗin ƙasar nan, ke faɗuwa, shinkafa na tashi, kuma ni ma ina cikin masu gunagunin. Amma da aka kunna fitilu na je.

Batun azumi kuwa, gaskiyarka, an ga wata bayan buɗewa da ’yan kwanaki. To sai me? Da kokonmu a filas muka je, da ƙosai da dabino a leda. Da rana ta faɗi wani ya yi kiran salla a bayan rumfar ’yan kallo, muka shimfiɗa kwali, sahu ya cika da mutanen Madina da Nima da wasu baƙi farare da na ɗauka ’yan Masar ne. Wani Kirista da ke zaune kusa da ni shi ya tsare mana kujeru, har ya saya mana ruwan leda. Wannan ba abin labari ba ne a wurinmu. Babban limamin ƙasar nan, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Katolika a Accra ranar Ista ta 2019, yana da shekara 100, ya zauna aka gama ya fito, rawaninsa bai faɗi ba. Na san a wajenku an yi ta surutu a kai. Mu da muke kwana mu tashi da mutanen nan katanga ɗaya, mun gane abin da yake yi.

Hoton da ka gani, lokacin tseren miƙa sanda na maza huɗu ne. Gana na gaba, filin ya ɗauka kamar zai tsage, sai na ƙarshenku ya kamo namu a bakin layi ya wuce shi da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. E, Gana nake wa ihu, kuma da aka ci mu sai da na ji ƙoƙon ya tsaya mini a wuya. A cikin namu akwai Benjamin Azamati, wanda a Legon ɗin nan ya yi karatu kafin ya tafi Amurka. Da Tobi Amusan taku ta ci tseren tsallake shinge na tafa mata har tafina ya yi zafi, kuma Najeriya ce ta zo ta biyu a yawan zinare bayan Masar, ban yi muku baƙin ciki ba. Amma ka koma ka karanta sunayen ’yan tserenku, ka faɗa mini wanne ne ɗan Fagge. Sannan ka nemi hirar Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon nan ɗan Nima, wanda ke sa wa Gana riga, ka ji Hausa a bakinsa. Babban filin Kumasi ma sunan Baba Yara, tsohon ɗan ƙwallon Gana, yake ɗauke da shi. Wa ya ce maka tutar Najeriya ce ma’aunin Bahaushe? Mutanen Damagaram da Maraɗi fa, su ma sun narke?

Akwai abin da ba za ka gane a hoton nan ba sai an gaya maka. Ranar 9 ga Mayu 2001, a babban filin Accra, Hearts of Oak da Asante Kotoko suna wasa, aka harba barkonon tsohuwa cikin ’yan kallo, ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu a turmutsutsu. Samarin zango da yawa ne a ciki. Washegari jana’iza kan jana’iza. Tun daga ranar Inna ta yi rantsuwa cewa ɗanta ba zai ƙara taka filin ƙwallo ba, kuma na riƙe mata wannan har ta rasu. Shekara ashirin da uku a rediyo da talabijin nake bin Hearts. Daren nan na Legon shi ne shigata ta farko, kuma da matata da yara na shiga, muka fito lafiya muna cin gyaɗa. Ihun da ka gani ba na tsere kaɗai ba ne.

Tun daga nan filin bai koma kango ba. An buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a cikinsa a 2024, aka sake a 2025 Kotoko ta ɗauka, ƙungiyoyin Accra kan koma can in babban fili na gyara, ɗalibai da ’yan sakandare na yin gasarsu. Yaranmu dai har yanzu a sakora suke bugawa, wato filin da ba ciyawa sai jar ƙasa da ƙura, can ake gasar Salla tsakanin unguwanni, can kuma Kudus ya fito.

Sai maganar da ka ajiye a ƙarshe kamar ba komai: wai wace ce ta gefena, don ba ta yi maka kama da ’yar gida ba. Matata ce, kuma ka sani. Mutuniyar La ce, ’yar ƙabilar Ga, kuma ƙasar da Madina take kai tun da aka kafa ta a 1959 ta mutanen La ce, su suka ba iyayenmu wurin zama. Ta musulunta kafin in san ta, an ɗaura aure da sadaki da waliyyi da goro kamar na kowa. Tuwonta da miyar kuka ba za ka bambance da na Goggo ba, in kuma ta yi kenke da kifi ba na tashi sai na suɗe. Danginta na zuwa suna, mu ma muna zuwa ta’aziyyarsu, mu zauna a gefe, abin da bai halatta ba mu bar musu.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne harshe. Mu nan “ya zo” muke ce wa mace da namiji, kuna yi mana dariya kuna cewa Gananci, mun saba. Wannan bai dame ni ba, don a kasuwar Madina Badagombe da Bazabarme da Bakotokoli duk da Hausar nan tamu suke ciniki, ita ce ta haɗa zango. Abin da ke ci mini rai shi ne in yi wa autana magana da Hausa ya amsa mini da Turanci ko Tuwi. A filin ma da zai nuna mini ɗan tseren da ya faɗi, da Turanci ya yi. Na ce ya maimaita, ya maimaita yana ƙunƙuni. Sai dai na ji ’ya’yanka a waya ranar Salla, su ma ba su tsira ba.

Kafin ka ƙara tsokanata, ka je ka zauna gaban Goggo ka tambaye ta inda aka binne cibiyarta. A Sabon Zango aka haife ta, nan Accra da tsofaffi ke cewa Ankara. Kakanmu da ya biyo fataken goro daga Kano bai zo da mata ba, a nan ya aura, kuma wadda ya aura, uwar Baba da Goggo, ’yar Ga ce. Da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fita a ƙarshen 1969, mijin Goggo ba shi da takarda, aka ɗora su a bayan babbar mota da tabarmi da tukwane, Baba ya tsaya saboda dangin uwarsa sun tsaya masa. Da motar ta ɗauki Baba ta bar Goggo, da kai ne a hoton nan da rigar, ni nake can ina tambayarka. Ka ce in ranta ya ɓaci tana yin faɗa da wani yare da ba ku ganewa. Ka ɗauko mini muryarta a waya, matata za ta fassara maka. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata gidan Sabon Zango na nan, an dai sare bishiyar da ke ƙofa. In kuma za ka zo kallon Hearts da Kotoko, ka taho da kilishi, na nan ba ya kai naku.