Tsohuwar Mota da Wayar Zamani: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. Mota ta kwana biyu amma lafiyarta ƙalau, mai ita ba shi da niyyar rabuwa da ita, sai dai rediyonta bai san da zaman wayar hannu ba. Ga waɗanda na zaɓo.

Assalamu alaikum. Motata ƙirar 2004 ce. Rediyonta na asali yana cin kaset da faifan CD, kuma sautinsa yana min daɗi. Ina so in riƙa jin abin da ke cikin wayata ta lasifikokin motar, in kuma amsa kira ba tare da na ɗauki wayar ba. Wasu sun ce in sayi ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna sigari, wasu sun ce in cire rediyon dungurungum. Wanne zan bi?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna, kuma don Allah kada ka cire rediyon da kai da bakinka ka ce sautinsa yana maka daɗi. Yawancin na'urorin da za a tallata maka hanya ɗaya suke karɓar sauti daga waya, wato ta Bluetooth, kuma nan ba a cika samun matsala ba. Inda suka sha bamban shi ne ta wace ƙofa sautin zai shiga rediyon. Wannan ƙofar ce za ta yanke hukuncin abin da kunnenka zai ji, don haka motar za ka fara bincika kafin kasuwa.

Duba fuskar rediyon, da cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, da aljihun da ke gaban fasinja. Ɗan ramin zagaye kake nema mai faɗin milimita 3.5, irin wanda ake soka abin sauraro na kunne, galibi an rubuta AUX a gefensa. In ka same shi, ka huta. Sai ka sayi ƙaramar risibar Bluetooth, ka soka ta a nan, ta riƙa miƙa wa rediyon sauti ta igiya kai tsaye. Na fi son wadda ke shan wuta daga caja, ta tashi da kanta idan an ta da mota, a kan mai batir a ciki. Mai batir sai ka riƙa tuna yi mata caji, sai ka danna ta kowace safiya, ga shi zafin motar da aka rufe a rana yana gajiyar da ƙananan batura da wuri.

Mota mai shekarun taka mai yiwuwa ne ba ta da wannan rami. To akwai wata ƙofa a ɓoye da mutane da yawa ba su san da ita ba. Rediyoyin wancan lokacin da dama an yi musu soket a baya domin akwatin canza faifai, wanda ake ajiyewa a but ko ƙarƙashin kujera ya ɗauki faifai shida ko fiye. Ko ba a taɓa sa wa motarka akwatin ba, soket ɗin yana iya kasancewa yana nan zaune. Ana sayar da adaftar da ake sokawa a wurin, rediyo ya ɗauka akwatin faifan ne aka haɗa masa, alhali sautin wayarka yake karɓa. Sauti yana fita tas, ba igiyar da ke reto a gabanka, kuma a motoci da yawa maɓallan sitiyari suna ci gaba da tsallake waƙa. Da ni ne kai, wannan zan fara nema. Wahalarta ita ce dole a zaro rediyon, kuma adaftar ba gama-gari ba ce: sai ta dace da kamfanin motar, da shekararta, da samfurin rediyon kansa. A zaro shi a ɗauki hoton bayansa da lambar da ke jikinsa kafin a saya. Wasu manyan motocin Turai kuma sautinsu ta igiyar haske yake bi, tsarin da ake kira MOST, su tasu adaftar daban ce kuma ta fi tsada.

Ramin kaset ɗin ma ƙofa ce. Akwai adafta mai siffar kaset, babu zare a cikinta sai ɗan kan maganaɗisu da ke haɗuwa da na rediyon. Sautinta yakan fi yadda mutane ke zato, muddin injin kaset ɗin bai gaji ba. In ya gaji, za ka riƙa jin ƙarar juyawarsa ko ya riƙa tofo ta waje.

Sai abin da aka fi ba ka shawara a kai, transmitar FM da ake sokawa a ramin sigari. Ita ƙaramar tashar rediyo ce a cikin motarka. Tana karɓar sauti daga waya, ta watsa shi a iska, eriyar motar ta kamo shi kamar yadda take kamo kowace tasha. Ta fi kowacce araha da sauƙi, kuma tana aiki da duk motar da ke da FM. Amma ƙarfinta kaɗan ne da gangan, don dokokin ƙasashe ba su yarda ta dami rediyon maƙwabta ba, ga shi tana gogayya da manyan tashoshi. A babban gari mai tashoshi birjik za ka ji shuuu a ƙarƙashin sauti, a doguwar tafiya kuma lambar da ka samu babu kowa da safe sai ka tarar wata tasha ta mamaye ta da rana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ita ce kaɗai mafita, to ka nemi lamba tun kafin ka soka ta: wurin da ba ka jin komai sai shuuu, kuma lambobin da ke gefensa biyu su ma babu tasha.

Abu biyu kuma ka lura da su. Transmitoci suna aiki ne tsakanin 87.5 da 108, amma tsofaffin rediyoyin da aka yi wa kasuwar Japan daga 76 suke farawa su tsaya a 90. Mai irin wannan rediyo ɗan tsakanin 87.5 da 90 kawai ya rage masa. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka kuwa tsalle suke yi a kan mara, 88.1, 88.3, 88.5, don haka idan ka sa transmita a 88.2 ba za su taɓa haɗuwa daidai ba.

Na sayi risiba na soka a AUX, amma akwai wani siririn kuka da ke ƙaruwa idan na taka totur. An cuce ni ne?

A'a ɗan'uwa, da wuya laifin risibar ne. Abin da kake ji muryar altanetar motarka ce, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan inji yana aiki. Risibar tana shan wuta daga ramin sigari, tana kuma haɗe da rediyo ta igiyar sauti, sai ya zama ta taɓa jikin motar ta hanya biyu. Ɗan bambancin wutar da ke tsakanin hanyoyin nan shi ke bi ta igiyar sauti ya fito a lasifika, shi ya sa kukan ke hawa da sauka tare da inji. Gwada wannan: ba risibar wuta daga batirin caji na tafi-da-gidanka. In kukan ya ɗauke, an gano shi. Maganinsa wata 'yar na'ura ce da ake kira aisoleta, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ana sa ta tsakanin risiba da ramin AUX, ba ta buƙatar wuta. Masu arha sosai sukan ɗan rage nauyin ganga a sauti. Caja mara kyau ma tana jawo irin wannan, don haka canza ta ka gani. Sannan ka ƙure ƙarar wayar kusan ƙarshe, ka rage ta rediyo. Yawancin mutane akasin haka suke yi, sai rediyo ya ƙara wa kukan ƙarfi tare da waƙar.

Motata tana da Bluetooth nata, ina amsa kira lafiya lau, amma waƙa ta ƙi fita. Me ya lalace?

Mai yiwuwa babu abin da ya lalace. Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinsa a shekarun 1990, yana da ƙa'ida daban ga kowane aiki. Ta kira ita ce HFP, ta sauraron waƙa A2DP, ta tsayarwa da tsallakewa kuma AVRCP. Motoci da yawa na farkon zuwan abin ta kira kawai aka sa musu. Fara duba wayarka, a ƙarƙashin sunan motar, ko an kashe wurin sautin waƙa. In a kunne yake, duba ko Bluetooth yana cikin jerin da rediyo ke zagayawa tare da FM da CD. In babu shi, motar ba ta iya ba ke nan. Kada ka yar da na motar, don makirufonsa masu ƙera ta ne suka zaɓa masa wuri. Ƙara risiba a AUX domin waƙa kawai, waya tana iya riƙe su biyun a lokaci guda. A wayoyin Android kana iya kashe wa risibar izinin kira don kada su yi rububi. Duk abin da za ka saya nan gaba, nemi waɗannan haruffa a jikin kwalinsa.

Ina jin masu kirana sarai, amma su kullum sai su ce kamar daga nesa nake magana, wani lokaci ma suna jin muryarsu tana dawo musu.

Hajiya, duba inda makirufon yake. A yawancin transmitoci yana jikin na'urar ne, ita kuma tana can ƙasa kusa da giya, ta fi kusa da gwiwarki a kan bakinki. Daga can ƙugin inji da na taya take ɗauka fiye da muryarki. Nemi wadda makirufonta ke da igiyarsa daban, a maƙala shi a makarin rana ko a bayan sitiyari yana fuskantarki. A nisanta shi da bakin iskar na'urar sanyaya da kuma taga. Idan za a bi da igiyar ta ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, ki tambayi mai aikin ko akwai jakar iska mai kare mutum lokacin haɗari a wurin, kada igiya ta gitta gabanta. Amsa-kuwwar kuwa lasifikokin ne ke mayar da muryar mai kira cikin makirufo. Rage ƙara lokacin kira, sau da yawa shi ke nan. Ina ganin masu saye suna kwashe lokaci a kan fitilun ado da yawan ramukan caji, su manta da makirufo, alhali shi ne rabin abin da suka je saye.

Yarona ya fara tuƙi, kuma ba ya rabuwa da waya. In na sa masa wannan na'ura, hankalina zai iya kwanciya?

Baba, Allah ya ƙara girma, ya tsare shi. Ku sa masa, ya fi a ce hannu ɗaya na sitiyari ɗaya na kunne. Amma ba zan ce muku hankali ya kwanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan ninki huɗu, ta kuma ce wayar da ba a riƙe a hannu ba ba ta fi ta hannu aminci sosai ba. Dalili shi ne na'urar hannu take 'yantawa, hankali kuwa yana can wurin mai magana. Fasinja yana ganin hanya, yakan yi shiru idan abu ya taso. Na cikin waya bai san me ke gabanku ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato duban allo na daƙiƙa biyu ya haura mita 55 ido ba ya kan titi. Ku nuna masa ya zaɓi abin da zai saurara kafin ya tashi, ya taƙaita kira, magana mai nauyi ko mai ɓacin rai kuma ya samu wuri ya faka. Saƙon rubutu babu shi sam.

Bluetooth yana cin data? Kuma zai iya kashe min batirin mota?

Ba ya cin data. Abin da kake jawowa daga intanet ne ke ci, wanda ka riga ka sauke a waya kuwa kyauta yake tafiya. Batir kuma ya danganta da motar. A wasu, ramin sigari yana mutuwa da an zare makulli, a wasu yana nan da wuta dare da rana. Kashe motar, buɗe ƙofa, ka duba ko fitilar na'urar ta mutu. In ba ta mutu ba, zare ta duk lokacin da motar za ta yi kwanaki a ajiye.

Rediyon motata ya mutu gaba ɗaya. Sabo nake so mai komai a ciki.

Kai kam lokacinka ya yi, Malam. Auna ramin tukuna. Ma'aunin da aka saba da shi, wanda ake kira DIN, faɗin milimita 180 ne da tsayin 50, mai ninki biyu kuma 180 da 100, shi ne ke ɗaukar allo. Masu allo da yawa suna zuwa da Apple CarPlay, wanda ya fito a 2014, da Android Auto na 2015, masu nuna manhajojin waya a allon rediyo, kuma suna da amfani ga mai bin taswira. Wanda babu ruwansa da taswira, ƙaramin rediyo mai Bluetooth da maɓallin murɗawa ya ishe shi, yana ma sarrafa shi ba tare da ya kalla ba.

Inda nake so ka tsaya kai da fata shi ne wurin haɗawa. Ka ce wa mai wayarin kada ya yanke wayoyin wutar motar, a sayi soket mai haɗa na motar da na sabon rediyo. A cire kan batir na negatif, mai alamar ragi (−), kafin a fara. A yawancin rediyoyin kasuwa, igiya ruwan ɗorawa ita ce ta wutar dindindin mai riƙe agogo da tashoshi, ja kuma ta makulli ce. In aka juya su, rediyo zai riƙa manta komai duk lokacin da ka kashe mota. Maɓallan sitiyari suna buƙatar tasu adaftar, ka tambaya tun a wurin ciniki. In kuma tsohon rediyon a haɗe yake da maɓallan na'urar sanyaya ko allon bayanan motar, fara kai shi gyara, don cire irinsa yakan tafi da abubuwan da ba ka yi niyyar rasawa ba.