Jirgin sama mai batir da tafiyar matsakaicin zango

Ɗan'uwa, ka tambaya ko nan kusa za mu ga jirgin fasinja mai batir yana cin kilomita 1,000 ko 2,000 a tashi ɗaya. A ganina, da sauran rina a kaba.

Duk matsalar nauyi ce. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da makamashi kusan wat-awa (ma'aunin makamashi) 12,000, kilo ɗaya na batirin litiyam mai kyau kuwa da ƙyar yake kai 300. Gaskiya ne injin lantarki ba ya asarar ƙarfi kamar mai ƙona mai, amma hakan bai cike giɓin ba. Sannan jirgi mai amfani da mai yana rage nauyi yayin da yake tafiya. Batir fa? Ko cajinsa ya ƙare, nauyinsa na nan daram har a sauka.

Dubi waɗanda suka riga suka tashi. Jirgin Velis Electro na kamfanin Pipistrel, wanda hukumar jiragen saman Turai ta amince da shi a 2020, mutum biyu yake ɗauka, na kusan minti 50. Jirgin Alice na kamfanin Eviation, da aka gwada a 2022, an tsara shi ne don fasinja tara kacal, kuma gajeren zango.