TAMBAYA DA AMSA: Wai da gaske jirgin ruwan kyauta ne?

Assalamu alaikum Yaya. Ni muna zaune a Calgary ne nan Kanada da maigida da yaranmu uku, hutun bazara ya kusa shi kuma ya dage wai sai mun ɗauki mota mun je yankin tafkunan Kootenay a British Columbia, wai har a saka motar cikin jirgin ruwa a tsallaka. Ni dai gaskiya tsoro nake ji, kullum sai ka ji kwale-kwale ya kife a Neja ko Kebbi. Kuma wai kyauta ne, ni ban yarda ba. Don Allah a ba ni shawara.
Maman Yara, Calgary

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maigidan naki bai yi miki ƙarya ba, kyauta ne, ko sisi ba a biya. Gwamnatin lardin ta ɗauki jiragen a matsayin wani sashe na titi, inda kwalta ta ƙare jirgi ya ci gaba, shi ke nan.

Batun tsoro kuma ban ga laifinki ba, amma abin da ke kifar da kwale-kwalenmu ai kin sani, lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, ba rigar ruwa. Wannan wani abu ne daban. Jirgin Osprey 2000 da ke tsallaka tafkin Kootenay daga Balfour zuwa Kootenay Bay motoci 80 yake ɗauka da mutum 250, in ya cika kuma ya cika, ba wani a matsa a ƙara mutum ɗaya, sai dai ku jira na gaba. Minti 35 ne tsallakawar, za ku fito daga mota ku hau sama kuna kallon duwatsun Selkirk ta nan na Purcell ta can, wallahi yaran ma ba za su so a sauka ba.

Ga yadda zan so ku yi. Daga Calgary ku bi Highway 1 zuwa Revelstoke, wajen kilomita 400 ne kuma akwai hawa a Rogers Pass, to ku kwana a can kar maigida ya ce shi jarumi ne zai wuce. Da safe ku cika tanki tun a Revelstoke ɗin, wannan ki riƙe shi da kyau don gaba daji ne kuma sabis na waya yana ɗaukewa, sai ku gangara Highway 23 kusan kilomita 50 zuwa Shelter Bay. Nan ne jirgi na farko, minti 20 ya sauke ku a Galena Bay, kin ga kin ɗan gwada zuciyarki da gajeren tsallaka kafin dogon. Daga nan Nakusp, sai New Denver a bakin tafkin Slocan, inda akwai wurin tunawa da 'yan Kanada 'yan asalin Japan da gwamnati ta kwaso ta tsare a 1942, ki kai yaran su gani. Sai Kaslo, can aka ajiye tsohon jirgi SS Moyie na 1898 da ya yi aiki har 1957 a tafkin Kootenay, tun lokacin da ruwa ne babbar hanyar garuruwan nan. Daga Kaslo zuwa Balfour ba nisa.

Hanyar New Denver zuwa Kaslo kwana-kwana ce sosai, duk yaron da mota ke sa shi amai a ba shi magani tun kafin a tashi. Kuma kar ku yi tuƙi da magariba, lokacin ne barewa ke faɗo wa titi.

Ba a ajiye wuri a jirgin, wanda ya riga zuwa shi ke shiga, a watan Yuli da Agusta layi yana tsawo musamman tsakar rana don haka ku yi sammako. Lokacin ne kuma hayaƙin gobarar daji kan rufe duwatsun gaba ɗaya, ki riƙa duba shafin DriveBC, mai ba da bayanin halin hanyoyin lardin, kafin ku fita. Ni da za a bi ta tawa ƙarshen Yuni za ku je.

Abinci kuwa ki soya kajinki ki zuba a kula tun daga Calgary, naman halal sai an sha wuya a ƙauyukan nan. Ki saka darduma da buta a but, a wajen jiran jirgi akwai fili da za ku yi sallarku ta kasaru kafin a kira layi.