Sun buɗe ƙirjin ƙanena ba da sa hannunmu ba, kuma sun mance auduga ciki

Malam, na karanta saƙonka, Allah ya ba ƙanen naka lafiya. Ka ce hatsari ya yi a hanyar Illela, haƙarƙari ya huda huhu jini ya taru, likitoci suka buɗe ƙirjin da daddare kafin ku iso, bayan sati shida kuma hoto ya nuna audugar tsane jini a ciki, shi ne kake tambaya ko za ku iya kai ƙara.

Maganar sa hannu dai gaskiya ba za ta kai ku ko'ina ba. Mutum ba ya cikin hayyacinsa, jini na danne mai huhu, doka ta yarda likita ya ceci rai ba sai ya jira dangi ba, hasali ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 sashe na 20 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa.

Audugar nan ita ce ƙarar ku. A ɗakin tiyata ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a ɗinke, to in an samu guda a ƙirjin mutum kotu kan ce asibiti su yi bayanin yadda aka yi, don abu ne da ba ya faruwa sai da sakaci. Ku nemi kwafin fayil ɗinsa a rubuce tun yanzu, ku adana hoton nan da duk wani rasit har na kuɗin mota, in za a sake fiɗa a ciro ta ku roƙi likitan ya rubuta abin da ya gani.

Hukumar likitoci MDCN tana karɓar ƙorafi da takardar rantsuwa, tana iya dakatar da likita ko soke lasisinsa amma ba ta ba da diyya, wannan sai kotu, kuma da sunan shi ƙanen naka za a shigar tunda yana raye.

Abin da ya fi damuna lokaci ne wallahi. In asibitin gwamnati ne akwai dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ba da wa'adin wata 3 kacal a shigar da ƙara, lauyoyinsu da ita suke fara fakewa, ku kuma kun riga kun ci wajen rabi. Ko dattawa sun shiga maganar sulhu, kar ku sa hannu a komai sai lauya ya gani. In ba halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Legal Aid, masu ba marasa hali lauya kyauta, na nan Sakkwato cikin satin nan.